Darasin Ƙarshe na Madam Irmgard

Madam Irmgard maƙwabciyata ce a unguwar Danau Kota a Maleshiya, kuma ban taɓa ganin tsohuwa mai taurin kai irinta ba. Shekara ashirin ta yi tana rera waƙa a manyan ɗakunan wasa na Jamus, ba lasifika, muryarta kaɗai ke cika wuri. Ta auri ɗan Maleshiya ta biyo shi, ya mutu ya bar ta da fiyano da 'yan ɗalibai. Faɗanta ya kore su ɗaya bayan ɗaya, sai Jethro, ɗan Kagoro da aka turo karatun injiniya ya ɓige da koyon waƙar Jamusanci. Shi ya jure mata shekara huɗu.

A 2021 aka kulle gari saboda annobar korona, daidai lokacin da zai aika faifan muryarsa wata makarantar waƙa a Jamus. Ta san shi ne ɗalibinta na ƙarshe, ta rantse sai ya shiga. Suka gwada darasi ta waya, ta jefar da wayar kan kujera. Ita ba ta koyar da murya sai ta ɗora hannu a haƙarƙarin mutum ta ji yadda yake jan iska. Sai ta kira shi ya zo gida.

Na ce mata, "Madam, shekarunki saba'in da takwas, ko allurar rigakafin farko ba ki yi ba."

Ta ce in je in duba miyata.

Jethro ya taho a ƙafa, yana kauce wa shingen 'yan sanda. Ta bango na ji su, kuma gaskiya bai taɓa rerawa kamar ranar ba. Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya kama shi. Ita kuwa kwananta tara a asibiti ta rasu. Aka binne ta ba waƙa ko baiti ɗaya, abin da har yau yake ƙona mini rai.

Makarantar ta karɓe shi. Da ya kawo mini takardar, a bakin ƙofa ya tsaya, ya ƙi shiga. Na ce ai ba laifinsa ba ne, ita ta kira shi.

Ya ce, "Anti Lai'atu, ranar tun da safe maƙogwarona yake ƙaiƙayi, ban faɗa mata ba. Awa biyu tana tsaye a gabana tana cewa in ƙara sakin numfashi. Ni kuma ina ta saki."