Abin da Zuwaira Take da Shi a Jaka

Cikin duk shekarun da na yi ina zagayen makarantu, ban taɓa mantawa da safiyar da na je duba wani darasin Ingilishi a yankin Jiratawa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ina so ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ni kwanseye ne, wato mai ba malaman Ingilishi shawara. Ga wanda bai san aikin ba, kwanseye yakan shiga aji ya zauna a bencin baya, ya kalli yadda malami ke koyarwa. Bayan an tashi sai su keɓe su biyu, ya nuna masa inda ya yi daidai da inda zai gyara, sannan ya rubuta rahoto ya kai wa sufeto. Malamin da ke kan kwantiragi, wanda ba a riga an ɗauke shi aikin dindindin ba, rahoton nan yana da nauyi ƙwarai a wurinsa.

Wata safiya ce cikin Disamba, ana sanyi. Na taso daga gidana a Sabon Gari kan babur, na bi ta gefen gonakin zogale da albasa har na isa kwalejin. Sabuwar makaranta ce, gine-ginen ba su isa ba, don haka 'yan siziyam, wato aji na farko, a rumfar zana suke karatu, dab da lambuna. Darakta, shugaban makarantar, ya tarbe ni, ya raka ni har bakin rumfar yana cewa tun jiya ya ja wa yaran kunne kada su ba shi kunya.

Malamin sunansa Lawali, saurayi ne ɗan Tibiri, shekararsa ta biyu ke nan a aiki. Yara na kiransa Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malami namiji. Darasin ranar shi ne yadda ake faɗin mallaka. Mu da Hausa mukan ce ina da, kana da, yana da. Ingilishi kalma guda yake amfani da ita, amma tana da fuska biyu: idan ni ne, ko kai, ko mu, ko su, sai a ce have, idan shi ne ko ita, sai a ce has. Nan ne yara ke tuntuɓe, har wasu su gama kwaleji suna cewa he have. Ka'idar da ake bi a wancan lokaci kuwa, daga an shiga darasin Ingilishi ba Hausa, ba Faransanci, don kunnen yaro ya saba.

Lawali ya tsara darasinsa da kyau. Ya ce kowa ya sa hannu a jakarsa ba tare da ya leƙa ba, ya faɗi abin da ya taɓa, sai aji duka su maimaita a kansa. Yaro na farko ya ce, "I have a pen." Aji suka amsa, "He has a pen!" Na biyu ya ce yana da littafi, wata ta ce tana da ƙuli-ƙuli, aka yi dariya. Ina daga baya ina jin daɗi, don darasin na tafiya kamar yadda ake so.

Sai layi ya zo kan wata 'yar siririyar yarinya mai suna Zuwaira, wadda ke zaune a bencin da ke gabana. Jakarta ta yadi ce, tana kan cinyarta. Ta zura hannu, sai ta yi shiru. Lawali ya kira sunanta, ba ta ɗago ba. Ya sake kira. Can sai ta ce da wata 'yar murya, "I have a snake."

Wato tana da maciji.

Lawali ya ɗauka raha ce irin ta yaro mai kaifin kai. Ya ce, "Very good!" ya ɗaga hannu, aji kuwa suka kwashe da ƙarfi, "She has a snake!" Suna dariya, wasu har da buga benci.

Ni ma na fara murmushi. Amma da na dube ta daga gefe, sai na ga zufa na gangaro mata a wuya, cikin wannan sanyi. Hannunta na hagu ya ƙanƙame bakin benci, na dama yana cikin jaka bai ko motsa ba. Sai na ga yadin jakar ya ɗan kumbura daga ƙasa, ya lotsa, ya sake kumbura.

Nan take na ce, "Lawali, tsai da su. Da gaske take."

Ya dube ni, ya dubi jakar, allin da ke hannunsa ya faɗi. Abin da ya yi bayan nan har gobe ina girmama shi a kai. Bai yi ihu ba. Ya juya ga yaran ya ce da Hausa, a hankali, "Kowa ya tashi ya fita, kar wanda ya yi gudu, kar wanda ya taɓa benci." Yaran ba su taɓa jin Hausa a bakinsa cikin aji ba, wannan kaɗai ya sa suka gane ba wasa. Suka sulale waje tsit.

Ya durƙusa gabanta. "Ƙanwata, ya sare ki?"

"A'a, Mushe. Yana kan yatsuna."

"To kar ki motsa. Ni kawai za ki duba."

Ya ce in riƙe mata kafaɗu, na riƙe. Ya kama gindin jakar da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya riƙe mata gwiwar hannu, ya dinga janye jakar kaɗan-kaɗan kamar mai cire wa jariri riga. Wuyan hannunta ya fito, tafin ya fito, yatsun suka fito lafiya. Yana ɗaga jakar zai wurgar da ita ke nan, sai kan macijin ya ɓullo daga bakinta, ya kai masa sara a babban yatsa.

Kububuwa ce. Daga baya aka gane yarinyar ta ajiye jakar a gindin kunyar lambu da sassafe tana taya mahaifinta tsinkar zogale, macijin ya shige neman ɗumi. Sanyin da ya kashe masa jiki ne ya sa bai sare ta tun farko ba.

Masu aikin lambu suka rugo suka kashe macijin. Ni kuwa na ɗora Lawali a babur, darakta ya hau bayansa ya riƙe shi, muka nufi Maraɗi. Kafin mu isa asibiti hannun ya kumbura har gwiwa, jini ya fara tsattsafo masa a dasashi. Allah ya taimaka akwai allurar dafin a ranar. Ya yi kwanaki a kwance, kuma yatsan nan bai sake lanƙwasawa ba.

Washegari mahaifin Zuwaira ya kawo ta asibiti ta gaishe da Lawali. Na ja ta gefe na ce, "Ɗiyata, me ya hana ki yin ihu tun da kika ji shi?"

Ta sunkuyar da kai. "An ce duk wanda ya yi Hausa gaban baƙo sai ya kira babansa. Shi ne na tsaya ina tuna sunan maciji da Ingilishi." Sannan ta ƙara, "Kuma ina tsoron kar in ce has a wurin have."

Yarinya 'yar shekara goma sha biyu, kububuwa kwance kan yatsunta, tana auna wace kalma ce daidai.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba na koma ɗakin jinya. Lawali na kwance, hannu ɗaure, leɓensa a bushe. Ya yafito ni, na matsa kusa, ina zaton ruwa yake so. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi Hausa a aji, kuma ban kai ƙarshen darasin ba. Za a ba ni dama in sake?"

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, a aikina kaf ban taɓa rubuta rahoton da ya kai wanda zan rubuta masa kyau ba.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, maganar da babba ya yi a makaranta ba ta tsayawa inda ya yi nufi. Mu mun faɗe ta don gyaran harshe, su kuma na ƙasa da mu, yaro ne ko sabon malami, sun riƙe ta fiye da ransu. Saboda haka ku koyar da have da has da kyau, ku nace har su zauna. Amma tun ranar farko ku gaya wa yaranku a fili, da harshen da suka sha a nono, cewa duk wanda wani abu ya same shi ya yi ihu da Hausa.