Murhun Hansatu a Bakin Hanya

A daminar 1968, da aka tare ruwa a Kainji, Hansatu mai bandar kifi ce ta ƙarshe a tsibirinsu, domin mahaifiyarta ta ƙi tashi.

Ruwa ya cinye gonar albasa, ya shigo tsakar gida. Hansatu ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, don Allah ki shiga jirgi."

"In bar wa kifi kabarin ubanki?"

Sai katangar maƙwabta ta rufta cikin ruwa. Hansatu ba ta ƙara roƙo ba. Ta goya tsohuwar, ruwa har gwiwa, tsohuwar tana dukan bayanta, ta kai ta kwalekwale. Wata guda Inna ba ta yi mata magana ba.

A tudun da aka gina musu gidajen siminti kusa da Yelwa babu kasuwa, babu inuwa. Hansatu ta haƙa murhu a bakin hanya. Direbobi suka fara tsayawa, sai mai shayi ya zo, sai mahauci, sai teloli. Cikin shekara goma wurin ya zama gari mai makaranta da tashar mota, Hansatu kuma ita ce shugabar matan kasuwa.