Malam Halliru, Mai Zama da Waɗanda Suka Daina Magana

Kullum da safe Malam Halliru yakan buɗe ɗakin shan magani a Illela, ya duba masu gyambo da masu tari. Da la'asar sai ya hau keke ya nufi ƙauyuka, wajen marasa lafiyar da ba sa zuwa da ƙafarsu: waɗanda baƙin ciki ya kwantar, suka daina ci, suka daina magana.

Mukhtari, wani manomi a Gidan Katta, yana cikinsu. Shekarar da aka samu mulkin kai, sanƙarau ya kashe masa mata da 'ya'ya biyu. Wata huɗu yana kwance yana kallon bango. Halliru, wanda ya taɓa aiki a asibitin masu taɓin hankali, ya lallashi dangi, ya kai shi can, tafiyar kwana biyu a mota. Likita ya sa masa na'urar lantarki a kai har sau shida. Mukhtari ya dawo yana shan fura.

"Ya warke," in ji wansa.

"Da saura," in ji Halliru. "Wutar lantarki ƙwaƙwalwa ta tada. Abin da ke cin zuciyarshi na nan."

Kowace Talata yakan je ya zauna da shi. Sai a zama na tara Mukhtari ya buɗe baki: "Malam, don mi ni ban mutu ba?" Ya yi kuka, ya kira sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Bana da kansa ya nome gonarsa.

Wani mai suna Abu, na ƙauyen Araba, bai samu haka ba. Shi ma an kai shi asibitin, ya dawo da sauƙi. Danginsa suka ce hira ba magani ba ce, kuma zuwan Halliru yana jawo musu surutun mutane. Suka hana shi shiga. Kafin damina aka tsamo Abu daga rijiya. Halliru ya raka gawar, ya yi mako guda abinci ba ya wuce masa.

Malam Halliru, kai ne ka zauna a inda 'yan'uwa suka gaji da zama. Yanzu yanar ido ta sa ka ajiye aiki, kuma ba a turo kowa a madadinka ba. Mutum bakwai ka bari, uku ko magana ba su fara ba.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma jama'a, na bi gida goma a Illela ina neman wanda zai karɓi ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin, har yau ban samu ba. Wanda zai iya, gidan Malam yana bayan kasuwa. Zai gaya masa sunayensu.