Mijina Bai Taɓa Canka Daidai Ba

Mijina ya rasu bara, lokacin haƙar citta, kuma har yau in na ambace shi sai na share ido, don haka mai rubuta mini ta yi haƙuri. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ya ce zai faru, akasinsa ake gani. In ya ɗaga kai ya ce yau ba ruwa, matan unguwarmu a Madakiya sai su ruga kwashe shanya. Mai ciki ta zo gaishe shi ya ce namiji ne, sai ta wuce kasuwar Kafanchan sayen 'yan kunne. Shi kuwa bai taɓa yarda ya yi kuskure ba.

Jikarmu, 'yar ɗanmu na fari, ta fara tari da jini tun ba ta shiga makaranta ba. Tafin hannunta ya yi fari, ko tsakar gida ta taka sai haki. Aka ce tibi ne, wato tarin fuka, aka sha magani, ashe ba shi ba ne. Bayan ƙarin jini a Kafanchan aka tura mu Jos. A can wata likita ta ce jini ne ke tsattsafowa cikin huhunta, ciwon da ba kasafai ake gani ba. Na tambaye ta ko yarinyar za ta tashi. Ta ce wasu yaran yana barinsu in sun girma, wasu yana tafiya yana dawowa, wasu kuma ba sa kai labari. Sai an ga yadda jikinta ya karɓi magani.

A mota mijina, da duk gida ke kira Baba, ya gyara zama ya ce, "Likitar nan tsoro take ji. Ni na duba yarinyar nan, babu shakka za ta..."

Ayaba ce a hannuna, na cusa masa a baki.

Muna isa gida surukata, uwar yarinyar, ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Baba, don Allah ka ce ba za ta tashi ba."

"In ce jikata za ta mutu? Da bakina?"

"Ai bakin naka muke so, Baba."

"Wato ke ma kin yarda ba na faɗin daidai?"

"Tun kafin a auro ni aka gaya mini."

Ya yi fushi ya ƙi cin tuwo. Fasto ya zo ya yi mana faɗa, ya ce wannan camfi ne, rai a hannun Ubangiji yake. Da zai tafi Baba ya ce masa hadarin nan na banza ne, sai fasto ya ari lemata.

Babbar maganar dai Baba ya kasa faɗinta, sai ya koma ƙanana. Ya zauna bakin gadon yarinyar ya ce, "Amaryata, kunun nan ya fi ƙarfinki, ba za ki shanye ba." Ta shanye tas. Da magani ya kumbura mata kumatu, ya ce shi ke nan, haka zai zauna da mace mai fuskar kabewa. Kumatun suka sauka. Yarinyar ma ta gane, har takan ce, "Kaka, ka ce yau ba nama a miya." Ranar sai na nemo ko ƙashi ne, kada a ce bakinsa ya fara gyaruwa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata safiya ina ba shi kunu ya riƙe hannuna.

"Mama, maganar yarinyar nan. Wacce kike so in faɗa? Ta zuciyata, ko wadda suke roƙo?"

In ya ce za ta rayu, na san halin bakinsa. In ya ce za ta mutu, da wannan kalmar zai je gaban Ubangiji. Na ce, "Sha kununka." Ya sha, bai sake tayar da zancen ba.

Yarinyar tana firamare yanzu. Da damina tarin ya dawo, an ƙara mata magani ya lafa. Na sake tambayar likitar, ta ce mu ci gaba da zuwa ana dubawa.