Salatif a Gefen Allo

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya. Ina karanta suna, amma sai na bi shi da yatsa. Na faɗi wannan tun farko don a san dalilin da ya sa na riƙa liƙa salatif a jikin kwamfutar mutane.

Shekarar da masu bindiga suka ci garuruwan arewacin jihar nan, jama'a suka kwararo Yola da ƙafa. Kowa namu ya iso, ban da ƙanena. Na zaga sansanonin 'yan gudun hijira, na Damare ma sau biyu na je. Babu shi. Sai aka ce min wata ƙungiyar agaji tana sa sunayen waɗanda ta yi wa rajista a intanet.

Lokacin na bar ɗakina na Limawa, ina gadi a wani gida a Shagari Low Cost. Kusa da mu akwai kafe na intanet, na wata tsohuwar malamar firamare, 'yar kudancin Adamawa. Ita ta buɗe min shafin. Hotunan takardu ne, rubutun hannu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ba ƙarshe. Ta ce da bugawa aka yi, da kwamfuta ta zaƙulo sunan nan take, amma wannan sai ido.

A gefen dama na allon akwai wata sanda mai kauri, ruwan toka. Ka kama ta da maus ka ja ƙasa, takardu su haura. Ni kuwa a wuni ba na wuce takarda huɗu. Sai na samo dabara: inda sandar ta tsaya, in yanki salatif in liƙa a bakin allon. Washegari in jawo ta daidai wurin, in ci gaba. Wani lokaci nakan ga kamar na taɓa karanta sunayen, sai in ce ai mutanenmu duk sunansu ɗaya.

"Bappa," in ji ta, "kwamfuta na ya zama majinyaci, ko'ina filasta."

"Madam, ki bar shi. Ilimi ne."

Wata ranar Talata na zauna, na kai maus gefe, babu sanda. Na motsa, sai ga wani abu siriri kamar tsinken tsintsiya ya leƙo, kafin in kama shi ya ɓace. Da ƙyar na cafke shi na ja, shafin ya sulale kamar an shafa masa mai, ya wuce inda nake.

"Madam! Wa ya taɓa min sanda?"

"Ba kowa, Bappa. Burauza ne ya sabunta kansa."

Burauza shi ne abin da ake buɗe shafin da shi. Ta karanta min bayanin da ya fito. Wai akwai masu tsara ƙa'idar yadda shafi zai riƙa sauka da hawa, sun gyara ƙa'idar, shi kuma burauza ya bi sabuwar. Wai an yi ne don sauƙin jama'a.

Madalla. Ashe a wata ƙasa mutane sun zauna cikin sanyin na'ura, sun duba matsalolin duniya, suka ga babbar ita ce sandata ta yi kauri. Ba wanda ya tambayi mai gadi.

"A mayar da na da."

"Ba ya komawa. Ka fara daga sama kawai."

Aikin wata biyu ya tafi ke nan. Na faɗi maganganun da ba zan rubuta ba. Ta bar ni na gama, ta ɓare salatif ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da shafin can sama.

A takarda ta biyu, layi na tara, na ga sunan ƙanena, da na mahaifinmu, da na garinmu. A gefe an rubuta Damare. Na bi da yatsa sau uku.

Madam ta duba, ta dafe baki. Ashe sababbin takardu a sama ake sa su, ba a ƙasa ba. Tasa ta kusa wata biyu a wurin. Kullum da safe da hannuna nake jan ƙanena in wurga shi sama, ina sauri in kai ga salatif.

Na same shi a Damare, a gindin bishiya, ƙafa a naɗe. Wayarsa ta faɗi a daji, lambata ba ya da ita a ka, wanda ya aika Limawa kuma aka ce masa na tashi. Ya dube ni, ya kira ni yadda muke kiran babban wa, ya ce, "Hamma, sai yanzu?"

Yau yana gidana. Ƙafar ta warke, aikin ne bai samu ba. Wuni yake yana shafa waya da babban yatsa, sama, ƙasa, ba sanda ko siririya. Har yanzu in an tambaye ni, mai kaurin ta fi. Ƙanena ya ce in yi shiru, da ra'ayina aka bi da har yanzu yana Damare.