Gayyar da Ba a Buga Ganga Ba

A ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa, malaminmu yakan karanta mana labaran mutanen da suka rayu ƙarƙashin azzalumin mulki. A cikinsu kullum akwai jarumin da ya miƙe ya yi magana. Ni a garinmu, kusa da Tsaskiya, ban ga wanda ya miƙe ba. Ga dai abin da na gani.

Zamanin soja ne, lokacin da ake ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai. A daminar nan cutar kurkunu ta kama ni a ƙafa biyu, ina sabon aure, geron gonata ya fito, ciyawa ta fi shi tsawo. A al'adarmu mai irin wannan lalura gayya ake yi masa: makaɗi ya buga gangar noma, samari su jeru, kafin azahar an gama.

To, a shekarar an hana taro. Makaɗin namu ya yi waƙa a kan takin zamani da aka ce an aiko mana ba mu gani ba, sai aka zo da mota aka tafi da shi. Bayan nan wata koriyar mota ta riƙa tsayawa a gindin tsamiya, bakin hanyar Safana, daidai inda ake hango gonata. Sojojin da ke cikinta ba sa cewa komai. Zama kawai suke yi.

Baffana ya zo duba ni, ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Ɗana, ba za a yi maka gayya ba."

"Na sani, Baffa."

"Amma ba a hana mutum wucewa ta gonar ɗan'uwansa ba, ko an hana?"

Washegari na sa aka jingina ni da danga ina kallo. Mutum ɗaya zai ɓullo da fartanya a kafaɗa kamar mai tafiya tasa gonar, ya sunkuya ya nome kunya guda, ya fita ta ɗaya gefen. Sai ya ɓace wani zai shigo. Ba a gaisawa. Har Bafulatanin da ke kawo mana nono ya jingine sandarsa ya yi tasa.

Da hantsi wani soja ya sauko daga motar, ya tako har cikin geron. Baffa ne a kan kunya.

"Tsoho, gonar wa?"

"Ranka ya daɗe, wucewa nake. Ciyawa ce ta tare mini hanya."

Sojan ya dube shi, ya dubi kunyoyin da aka nome, ya juyo ya dube ni. Ya ciro gindin gero ɗaya da saiwarsa, ya yar, ya koma.

Ranar babu wanda ya sake shigowa. Kashegari ma haka, kuma rabin gonar na nan cikin ciyawa. Sai a rana ta uku, da sassafe, na hango wani yana tahowa daga yamma, fartanya a kafaɗa, yana tafiya a hankali, motar kuma tana nan inda take.