Ƙunshin da na yi wa Mamou

Mamou 'yar Damagaram ce. Ta zo Sabha ne a bayan motar mijinta Sallaou, direban da ke kai kaya Agadas, kuma da ciwon ƙirji ya ɗauke shi ba ta koma gida ba. Rinin shadda ta koya wurin gwaggonta tun tana budurwa, shi ya sa da aka buɗe masana'antar ɗinki a hanyar Samnu ita aka fara ɗauka a ɗakin rini. Ni Rauda guga nake yi a can, ɗakinmu na haya ɗaya a unguwar Sukra, ina ce mata Yaya. Shekara tara muka yi a haka.

Aikinta shi ne ta tsoma yadi cikin baho mai ruwan zafi da soda da garin rini, ta juya, ta matse, ta miƙa a shanya. Safar hannu? Sau ɗaya aka taɓa ba ta, ta yage cikin mako biyu, mudir, wato manajan wurin, ya ce ai ba gonar safa gare shi ba. Tun daga nan da fatarta take aiki. Tafin hannunta ya tsage, tsakanin yatsu ya zama ɗanye, farce uku suka fita. Kullum da safe sai na taya ta ɗaura zane, don kafin rana ta ɗaga yatsun ba sa lanƙwasa. Ga shi kuwa da hannun nan take ci, da shi take aika wa 'ya'yanta biyu abin makaranta.

Ruwan bahon kuma ta bayan katanga ake kwarara shi, ya gangara gonar wani dattijo, Malam Barka. Dabinonsa bakwai suka bushe, rijiyarsa ta koma shuɗiya.

Bara sai aka ce mai sayen kayanmu na Tarabulus ba zai ƙara karɓar ko riga ɗaya ba, sai an zo an duba yadda ake tafiyar da ma'aikata da inda dattin ke zuwa. Wata malama daga jami'a, Najwa, ita za ta zo ranar Lahadi. Duk abin da ta rubuta dole mudir ya gyara, in ba haka ba ciniki ya mutu. Wallahi har rawa na taka a ɗakin guga. Na ce, Yaya, Allah ya kawo ranarki, ki shimfiɗa mata hannun nan ta gani, a kai ki asibiti, a sawo safa.

Ran Juma'a bayan la'asar sai ga ta da kwanon lalle ta kwaɓa.

"Rauda, zo ki ƙunsa mini."

"A kan wannan gyambon? Yaya, kanki ɗaya kuwa?"

"Baƙuwa za ta zo. In miƙa mata wannan hannun mu gaisa? Ta koma ta ce matan Damagaram ƙazamai ne?"

Na yi faɗa, na yi magiya, na ce ai ciwon ta zo gani. Ta ce ita ba a haife ta a gidan da ake tarar baƙo da kuka ba. Kada ku ce mudir ne ya sa ta, ko kusa, bai ma san ana yi ba. Kunyarta ce kawai, irin wadda iyayenmu suka ɗura mana. Ni kuma sakarya na ɗauki kwanon, don ba a yi mini tarbiyyar musu da babba ba. Ina shafawa tana cije leɓe, hawaye na zubo mata. Na cika tafin da lalle har ya rufe tsagar, na zana mata fure a bayan hannu. Kaico, ban taɓa yin ƙunshin da ya kama kamar wannan ba.

Najwa ta zo, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, yarinyar ta san aikinta. Ta kori mudir daga ɗakin rini, ta rufe ƙofa. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ta ce wurin kakarta ta tsinta. Ina tsaye a gefe da kwandon guga lokacin da ta ce, "Inna, nuna mini hannu."

Mamou ta miƙa. Najwa ta ce masha Allah, ta nemi izini ta ɗauki hoto. Ta tambaya ko ruwan yana ƙona ta, ko akwai inda ke ciwo.

"Lafiya lau, 'yata. Mun gode Allah."

Sau uku ta tambaya, sau uku aka ba ta wannan amsar. Na buɗe baki, Mamou ta zuba mini ido, na rufe. Har gobe ina jin haushin kaina a kan wannan.

Malam Barka kuwa ba ruwansa da kunya. Ya tare Najwa a bakin ƙofa da kwalbar ruwan rijiyarsa da busasshen reshen dabino, yana ihu har jijiyar wuyansa ta tashi. Ta bi shi gonar, ta ɗebi ƙasa a leda. Da takardar rahotonta ta fito, shafi huɗu aka yi a kan dabino. Kafin wata biyu an haƙa rami an shafe shi da siminti, ruwan rini ya daina shiga gonarsa. Ban ƙi ba, haƙƙinsa ne. Amma a kan ɗakin rini layi ɗaya aka rubuta, wai ma'aikata ba su kawo wani koke ba.

Lalle ya goge cikin sati uku, ciwon kuma ya ci gaba da cin hannun Mamou. Da sanyi ya shigo tafin ya fashe, jini ya ɗiga a kan farin yadin jalabiya har bandir biyu. Mudir ya kira ta ofis ya ce ta je ta huta. Mun san ma'anar hutun nan. Na bi ta ina zage-zage, na ce a kira Najwa. Ya nuna mini bango ya ce ai malamar ta riga ta gani da idonta. Na ɗaga kai. Takardar shaidar da aka ba masana'antar bayan binciken ce a cikin gilashi, kusa da ita kuma babban hoton hannun Mamou, da furen da na zana. Duk baƙon da ya shigo shi ake fara nuna masa.

Likita ya ce an makara, yatsu uku na dama sun ƙage, ba za su ƙara miƙewa ba. Yanzu tana ɗaki, ni nake fita. Jiya na tuƙa tuwon masara da miyar kuka, na ajiye mana kwano ɗaya kamar kullum. Ta kai hannu ta kasa yanko loma. Ta sake gwadawa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Rauda, miƙo mini cokali, ki sakaya ƙofar kada wani ya shigo."